Wa Ke da Ciwo, Wa Ke da Lalaci? Tarihin Kuɗin Jinya a Baitulmalin Birtaniya, 1601 zuwa 2025

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Duk wanda ya taɓa jinyar magidanci ya san cewa ciwo ba ya tsayawa a jikin mai shi kaɗai, yakan gangara har madafa ya hana tukunya hawa murhu. Manomin da ya kwanta ana tsakiyar damina, ko leburan da ya karye a wurin aiki, hasara biyu ce ta same shi a lokaci guda: ga kuɗin magani, ga kuma abin da zai samo da ya fita nema. Wannan maƙala ta shafi hasara ta biyun ce, wato kuɗin da hukuma kan ba mutum domin ya ci abinci a lokacin da ciwo ya hana shi aiki.

Mun zaɓi ƙasar Birtaniya ne saboda ta shafe fiye da shekara ɗari huɗu tana biyan irin wannan kuɗi, tana kuma rubuta lissafinsa. A shekarar kuɗi ta 2024 zuwa 2025 gwamnatin ƙasar ta kashe sama da fam biliyan 300 a kan fansho da sauran tallafin jin daɗin jama'a, wanda ya kai kusan kashi 11 cikin ɗari na dukiyar da ƙasar ke samarwa a shekara. Fiye da rabin wannan kuɗi tsofaffi ne suka karɓe shi, amma ba a kansu aka fi ta da jijiyar wuya ba. Rigimar tana kan kason marasa lafiya da naƙasassu waɗanda shekarunsu ba su kai na ritaya ba. Abin da za mu nuna shi ne, hawa da saukar wannan kaso bai cika bin yawan cututtuka kaɗai ba. Ya fi bin amsar da hukuma ta bayar a kowane zamani game da tambayoyi biyu: wane ne marar lafiya na gaskiya, kuma wa ke da ikon faɗin haka?

Dokar Matalauta da Gidan Aiki

A shekarar 1601, a ƙarshen mulkin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, majalisar Ingila ta kafa dokar da ta ɗora wa kowace gundumar coci nauyin matalautanta. Masu gidaje da gonaki su ke biyan haraji na musamman, wasu dattawan gunduma kuma su raba. Tun daga wannan doka aka kasa mabuƙata: akwai tsofaffi da makafi da guragu waɗanda za a ciyar, akwai masu ƙarfi a jika waɗanda za a ba aiki, akwai kuma waɗanda suka ƙi aikin, su kuwa horo ne rabonsu. A ƙauyen da kowa ya san kowa, wannan rarrabewa ba ta da wuya, domin mai rabon ya san wanda tari ya kwantar, ya kuma san wanda giya ta kwantar.

Da aka shiga yaƙe-yaƙe da Faransa a ƙarshen ƙarni na goma sha takwas, abinci ya yi tsada, gundumomi da dama suka fara cika wa leburori ladansu gwargwadon farashin burodi, bisa tsarin da alƙalan Speenhamland suka amince da shi a 1795. Kuɗin matalauta a Ingila da Wales, wanda yake wajen fam miliyan 2 a shekara a cikin shekarun 1780, ya kai kusan fam miliyan 8 a 1818. Masu biyan haraji suka yi ta kuka cewa ana ciyar da ragwaye da guminsu.

Amsar da aka ba su ita ce sabuwar dokar 1834, wadda ta biyo bayan binciken Nassau Senior da Edwin Chadwick. Dabararta mai sauƙin fahimta ce, mai kuma tsauri: duk mai ƙarfin da ya nemi taimako sai ya shiga gidan aikin matalauta, inda za a raba shi da matarsa da 'ya'yansa, a kuma tabbatar rayuwarsa a ciki ta fi ta leburan da ya fi kowa talauci a waje muni. Ke nan gidan shi ne ma'aunin gaskiya. Wanda ya yarda ya shiga, lalle yunwa ta kai masa wuya. Cikin 'yan shekaru kuɗin da ake kashewa ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ɗaliban adabi sun san wannan gida ta hanyar littafin Charles Dickens mai suna Oliver Twist, wanda ya fara fitowa kashi-kashi a 1837. A 1845 kuwa aka gano cewa a gidan aikin Andover mazaunan da aka sa su daka ƙasusuwa domin taki suna gwaguyar ruɓaɓɓen naman da ya maƙale a jikin ƙashin saboda yunwa.

Abin mamakin shi ne, gidan da aka gina domin ya tsorata ragwaye sai ga shi ya cika da tsofaffi da marayu da majinyata, waɗanda ba su da inda za su gudu. Chadwick da kansa ya rubuta rahoto a 1842 yana nuna cewa zazzaɓi da ƙazantar birane ke kashe magidanta, su bar zawarawa da marayu a wuyan masu biyan haraji. A 1867 aka yi dokar da ta ware wa majinyatan Landan asibitocinsu daban, da yawa kuma daga cikin irin waɗannan gine-gine su ne daga baya suka zama asibitocin gwamnati.

Kwabo Huɗu a Sami Nai

Ma'aikatan da ke da ɗan hali ba su jira hukuma ba. Sun kafa ƙungiyoyin taimakon juna masu kama da adashi, kowa ya zuba 'yan kwabbai a mako, wanda ya kwanta a ba shi abin cefane. Waɗannan ƙungiyoyi sukan aika 'yan'uwa su leƙa marar lafiya a gida, gaisuwa ce a fili, bincike ne a ɓoye. Sai dai mafi talaucin ma'aikata ba su iya jure zubin.

Jamus ce ta fara mai da wannan zubi tilas. Otto von Bismarck, wanda ke neman raba ma'aikata da 'yan gurguzu, ya kafa inshorar rashin lafiya a 1883, ta haɗari a wurin aiki a 1884, ta tsufa da naƙasa kuma a 1889. A Birtaniya, abin da ya farkar da masu mulki shi ne yaƙin Afirka ta Kudu na 1899 zuwa 1902, inda aka tarar da yawa daga samarin da suka zo shiga soja ba su da ƙoshin lafiyar ɗaukar bindiga. A daidai wannan lokaci Seebohm Rowntree ya buga bincikensa a 1901, wanda ya nuna kusan kashi 28 cikin ɗari na mutanen birnin York suna cikin talauci.

David Lloyd George, ministan kuɗi, ya ziyarci Jamus a 1908, ya ga yadda abin yake tafiya, a 1911 kuma ya kawo Dokar Inshorar Ƙasa. Dattawanmu da suka yi zamani da fam da sule za su gane lissafin ba tare da tafinta ba, tun da kuɗin da suka kashe ke nan: ma'aikaci namiji ya zuba kwabo huɗu a mako, ubangidansa ya zuba taro, gwamnati ta cika kwabo biyu, jimla nai. Da wannan aka tallata dokar, cewa ka ba da kwabo huɗu ka sami nai. Idan ya kwanta, ana ba shi sule goma a mako har mako 26, mace kuwa sule bakwai da sisi. In ciwon ya zarce haka, a koma ba da sule biyar. Yana kuma da likitan da zai duba shi kyauta, ko da yake matarsa da 'ya'yansa ba su cikin wannan alfarma.

A nan ne alƙalancin ya tashi daga hannun dattawan gunduma ya koma hannun likita, takardarsa ta zama mabuɗin baitulmali. Ba a daɗe ba aka fara zargin likitoci da sakin hannu, domin ana biyansu ne gwargwadon yawan mutanen da suka yi rajista da su, ba kuwa mai son ya kori abokin cinikinsa. A 1920 aka naɗa likitocin gwamnati na yankuna domin su riƙa sake duba waɗanda aka yi shakkarsu. Duk da haka, masu neman kuɗin jinya sun yi ta ƙaruwa a shekarun 1920 da 1930, musamman a yankunan kwal da masaƙu inda aiki ya yi ƙaranci. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Idan aiki ya yi yawa, mai gida kan ɗauki har mai ɗingishi. Idan ya yi ƙaranci, mai ɗingishi ne farkon wanda za a sallama, shi ne kuma na ƙarshen da za a sake kira.

Mafarkin Beveridge

A watan Disamba na 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, William Beveridge ya fitar da rahotonsa wanda aka sayar da fiye da kwafi 600,000, abin da ba a saba gani ba ga takardar gwamnati. Ya siffanta matsalolin ƙasar da ƙattai biyar da ya wajaba a kayar: fatara, cuta, jahilci, ƙazantar muhalli da zaman banza. Gwamnatin jam'iyyar Leba ta Clement Attlee, wadda ta hau mulki a 1945, ita ta aiwatar da mafi yawan shawarwarinsa. Ranar 5 ga Yuli, 1948, Hukumar Kiwon Lafiya ta Ƙasa ta fara aiki a ƙarƙashin Aneurin Bevan, magani ya zama kyauta ga kowa, sabon tsarin inshora ya soma, aka kuma binne Dokar Matalauta bayan shekara 347.

Akwai abu guda a tsarin 1948 da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin shi ne mabuɗin abin da ya biyo baya. Marar lafiya da marar aikin yi kuɗi ɗaya ake ba su, sule 26 a mako ga mutum guda. Tun da ƙofofin biyu ɗaki ɗaya suke kaiwa, babu wata riba ga wanda ya bar wannan ya bi waccan. A wancan lokaci dukkan tallafin jin daɗin jama'a bai wuce wajen kashi 4 cikin ɗari na dukiyar ƙasa ba, aiki kuma yana neman ma'aikata.

Beveridge ya yi zaton cewa da zarar an warkar da tarin cututtukan da suka daɗe ba a kula da su ba, kuɗin kiwon lafiya zai tsaya cak. Zaton bai tabbata ba. Tun a shekarun farko hukumar lafiya ta riƙa cin fiye da fam miliyan 400 a shekara, nesa da abin da aka ƙiyasta. A 1951 aka sa wa haƙoran roba da tabarau kuɗi, Bevan ya ajiye muƙaminsa don nuna fushi. A 1952 aka fara karɓar sule ɗaya a kan takardar magani. Abin da Beveridge bai hanga ba shi ne, ci gaban likitanci yakan ceci mutum daga mutuwa ya bar shi da ciwon da zai yi shekara talatin yana lallaɓawa.

Ramukan Kwal da Ƙofa ta Biyu

A farkon shekarun 1970 aka lura cewa sule da kwabon da aka tsara domin jinyar 'yan makonni ba za su riƙe wanda ya naƙasa har abada ba. Saboda haka a 1971 gwamnatin Edward Heath ta ƙirƙiro alawus na doguwar jinya ga wanda ya wuce mako 28 a kwance, da wani alawus ga masu buƙatar mai kula da su. A 1976 aka ƙara na masu wahalar tafiya. Niyya ce ta alheri, ta kuma sauƙaƙa wa mutane da yawa. Amma daga nan ƙofofin biyu suka daina kaiwa ɗaki ɗaya. Kuɗin doguwar jinya ya fi na rashin aiki yawa, ba a cire masa haraji, ba ya kuma yankewa, alhali na rashin aiki shekara ɗaya yake yi ya ƙare.

Da Margaret Thatcher ta hau mulki a 1979, masu karɓar kuɗin doguwar jinya suna wajen 700,000. A watan Janairun 1982 marasa aikin yi suka haura miliyan 3. Masana'antun ƙarfe da na ƙera jiragen ruwa suka yi ta rufewa, bayan yajin aikin masu haƙar kwal na 1984 zuwa 1985 kuma ramukan kwal suka bi sahu, daga kusan 170 har aka rufe na ƙarshe mai zurfi, wato Kellingley, a 2015. A cikin waɗannan shekaru gwamnati ta ƙara matse ƙofar rashin aiki: a 1982 ta soke ƙarin da ake bayarwa gwargwadon tsohon albashi, ta kuma sa wa kuɗin haraji, daga 1986 ta fara kiran waɗanda suka daɗe ba aiki domin yi musu tambayoyi. Zuwa tsakiyar shekarun 1990, masu karɓar kuɗin jinya sun wuce miliyan biyu da rabi.

Shin cuta ce ta ninka har sau uku cikin shekara goma sha biyar? Taswira ta ba da amsa. Yawan ya taru ne a kwarurrukan kudancin Wales irin su Merthyr Tydfil, da garuruwan kwal na arewa maso gabashin Ingila irin su Easington, da yankin Glasgow da Liverpool, wato daidai wuraren da aiki ya mutu. Christina Beatty da Steve Fothergill na Jami'ar Sheffield Hallam sun kira wannan ɓoyayyen rashin aiki. Ba su ce mutanen ƙarya suke yi ba. Wanda ya yi shekara ashirin da biyar a ƙarƙashin ƙasa yana da ƙurar kwal a huhu, da ciwon baya, da gwiwar da ta sassake. Da wannan jikin yake sauka rami kowace safiya lokacin da ramin ke nan. Da aka rufe ramin, ciwon da yake ɗauke da shi a ɓoye shi ne kaɗai abin da ya rage masa mai daraja a idon hukuma. Ita ma gwamnatin abin bai ɓata mata rai ba a lokacin, domin duk wanda ya koma layin majinyata ya fita daga ƙididdigar marasa aikin yi da jaridu ke bugawa kowane wata.

Zamanin Maki

Da lissafin ya yi nauyi, sai aka koma kan mai tsaron ƙofa. A 1995 gwamnatin John Major ta sauya alawus ɗin da wani sabo, ta karɓe hukunci daga hannun likitan iyali ta miƙa wa likitocin ma'aikata, ta kuma kawo gwajin da ba ya tambayar ko mutum zai iya aikinsa na da, sai dai ko zai iya wani aiki kowane iri. Ƙaruwar ta lafa, amma adadin bai sauka sosai ba. A 2008 gwamnatin Leba ta Gordon Brown ta sake kawo wani alawus da gwaji mai tsauri, wanda wani kamfani mai zaman kansa ke gudanarwa. Ana tambayar mutum ko zai iya tafiyar mita kaza, ko zai iya ɗaga hannu, ko zai iya danna maɓalli, kowace amsa da makinta; wanda ya tara maki 15 shi ne marar lafiya. A shekarun farko kusan huɗu cikin goma na waɗanda suka ɗaukaka ƙara sun yi nasara, abin da ya nuna ma'aunin yana yawan kuskure. Wannan gwaji shi ne jigon fim ɗin Ken Loach na 2016, I, Daniel Blake, labarin wani kafinta a Newcastle wanda likitansa ya hana shi aiki saboda ciwon zuciya, gwajin hukuma kuma ya ce lafiyarsa lau.

Bayan durƙushewar bankuna a 2008, dukkan kuɗin tallafi ya kai wajen kashi 12 cikin ɗari na dukiyar ƙasa. Gwamnatin David Cameron da ministan kuɗinta George Osborne suka shiga tsuke bakin aljihu daga 2010. A 2013 suka maye gurbin alawus ɗin naƙasassu na 1992 da wanda ake kira PIP, da burin rage kashi 20 cikin ɗari na kuɗin. A 2019 ofishin da ke sa ido kan kasafin kuɗin ƙasar ya bayyana cewa sabon tsarin ya fi tsohon tsada da kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. An sayar da kare an sayi biri ke nan, tsugune ba ta ƙare ba.

Wasu matakai biyu na wannan zamani sun ƙara tura jama'a ƙofar jinya ba tare da an nufa ba. Na farko, an daskarar da yawancin tallafin masu shekarun aiki daga 2016 zuwa 2020 alhali farashi na hawa, amma aka keɓe na naƙasa. Na biyu, an ɗaga shekarun fanshon mata daga 60 zuwa 65 tsakanin 2010 da 2018, sannan na kowa zuwa 66 a 2020. Matar da ciwon gaɓɓai ya kama tana da shekara 62, wadda a da 'yar fansho ce, yanzu sai ta bayyana a lissafin majinyata. Jikinta bai sauya ba, sunanta ne a littafin hukuma ya sauya.

Bayan Annobar Korona

Cibiyar nazarin harkokin kuɗi ta IFS da ke Landan ta lissafa cewa masu shekarun aiki da ke karɓar tallafin rashin lafiya ko naƙasa a Ingila da Wales sun tashi daga miliyan 2.8 a shekarar 2019 zuwa 2020, suka kai miliyan 3.9 a 2023 zuwa 2024, wato mutum ɗaya cikin goma. Kuɗin da ake kashewa a kansu ya tashi daga fam biliyan 36 zuwa 48 a wannan tsakani, bayan an cire tasirin hauhawar farashi. Wannan karon ba tsofaffin mahaƙa ba ne. Ƙaruwar ta fi sauri a tsakanin matasa, kaso mai yawa kuma na larurorin ƙwaƙwalwa ne irin su damuwa da fargaba, waɗanda ba a ganinsu a hoton ƙirji.

Akwai ciwo na haƙiƙa a cikin wannan adadi. Jerin jiran aikin asibiti a Ingila ya tashi daga kusan miliyan 4.6 kafin annobar zuwa fiye da miliyan 7.7 a watan Satumba na 2023, wanda kuwa ke jiran a gyara masa ƙugu ba ya iya komawa aikin gini. Sai dai annobar ta shafi duniya baki ɗaya, ƙasashe masu arziki irin na Birtaniya kuma ba su ga irin wannan hauhawa ba. Bambancin yana cikin tsarin. A shekarar 2024 zuwa 2025, marar aikin yi mai shekara 25 ko fiye, in shi kaɗai ne, ana ba shi kimanin fam 393 a wata ban da kuɗin haya. In gwaji ya tabbatar ba ya iya aiki, a ƙara masa kimanin fam 416, a kuma daina matsa masa da neman aiki. Tazarar da babu ita a 1948 ta zama ninki biyu, a lokacin da kuɗin wuta da na abinci suka yi tashin gwauron zabi.

A watan Maris na 2025 gwamnatin Leba ta Keir Starmer ta ba da sanarwar tsaurara sharuɗɗan PIP da wasu sauye-sauye domin ta rage kusan fam biliyan 5 a shekara. Fiye da 'yan majalisa 120 na jam'iyyarta suka sa hannu a takardar ƙin amincewa, ranar 1 ga Yuli kuma, ana dab da jefa ƙuri'a, gwamnatin ta janye sashen PIP ɗin ta miƙa shi ga kwamitin nazari. Abin da ya tsira a dokar shi ne rage kusan rabin ƙarin kuɗin jinya ga sababbin masu nema daga Afrilun 2026, tare da ɗan ɗaga kuɗin da kowa ke samu. Wato dai an koma ƙoƙarin rage tazarar da ke tsakanin ƙofofin biyu.

Inda Tarihin Ya Taɓa Mu

A lokacin da ake gina wannan tsari, Nijeriya tana ƙarƙashin Birtaniya, amma alkawarin Beveridge bai ƙetare teku ba. Dokar raya ƙasashen mulkin mallaka ta 1945 ta ware fam miliyan 120 ne domin dukkan waɗannan ƙasashe a tsawon shekara goma, abin da bai kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin hukumar lafiyar Birtaniya na shekara guda ba. Abin da muka gada shi ne fansho da hutun jinya ga ma'aikacin gwamnati, da diyya ga wanda ya ji rauni a wurin aiki. Bayan samun 'yanci an kafa asusun ajiyar ma'aikata a 1961, an ƙaddamar da inshorar lafiya ta ƙasa a 2005, a 2022 kuma aka yi dokar da ta wajabta ta. Wannan inshora kuɗin magani take biya. Hasara ta biyu da muka fara magana a kanta, wato abincin gidan manomi ko ɗan kasuwa ko direban da ya kwanta, har yanzu tana wuyan dangi da maƙwabta da masu zakka, mafi yawan wahalar jinyar kuma a kan mata take sauka. Rashin ganin wannan kuɗi a kasafin gwamnati bai sa ya ɓace ba. Ana biyansa da akuyar da aka sayar da yaron da aka cire daga makaranta.

Kammalawa

A cikin wannan maƙala mun bi kuɗin jinya a Birtaniya daga dattawan gunduma na 1601, zuwa gidan aiki na 1834, zuwa takardar likita ta 1911, zuwa takardar maki ta 1995 da 2008. Kowane mai tsaron ƙofa an naɗa shi ne domin an zargi na gabansa da sakaci, kowanne kuma ya rage kuɗin na ɗan lokaci kafin ya sake hawa. Abin da ya fi motsa adadin a kowane zamani shi ne samuwar aikin da mai rauni zai iya yi, da saurin samun magani, da tazarar da ke tsakanin abin da ake ba marar aiki da abin da ake ba marar lafiya. Tsakanin mai cikakkiyar lafiya da wanda ke kwance akwai jama'a masu ɗimbin yawa da ke iya aiki yau su kasa gobe, waɗanda kowace doka ke tilasta wa su zaɓi suna ɗaya. Ranar da Nijeriya za ta zauna tsara nata kuɗin jinyar, waɗannan mutane ne za su fara zuwa bakin ƙofa, kuma irin tambayar da aka shirya yi musu ita za ta yanke yawan abin da baitulmali zai biya.